Surukina yana so in yanka masa filin ƙwallon unguwa

Wasiƙar wannan mako daga Sakkwato ta fito. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Baba. Wata huɗu ke nan da aka ba ni shugabancin sashen da ke kula da lambunan shaƙatawa da filayen wasanni. Abin da na tarar ba ya faɗuwa. Rijiyar burtsatsen babban lambunmu ta mutu, lilon yara ya karye, itatuwan da aka dasa bara gaban 'yan jarida kusan duk sun bushe, rabin ma'aikatana sun girme ni, wasu ma sun haife ni. Amma ba wannan ya hana ni barci ba. Ƙanen mahaifin matata, wanda shi ya sa baki har aka ba ni kujerar, yana so in ba shi takardar izinin wucin gadi ya jera shaguna a gefen wani fili da yaran unguwa ke ƙwallo. Ya ce filin ya zama juji da matattarar 'yan shaye-shaye, kuma ba ƙarya ya yi ba. Mahaifiyata ta ce kada in ba su kunya. Matata ba ta ce uffan ba, shirun nata ya fi damuna. In na ba shi na ci amana, in na hana shi na zama butulu. Baba, mi ad dabara?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sanya alheri a kujerar, ya raba ka da ita lafiya.

Kada ka ba shi. Na fara da wannan ne don kada ka yi ta karatu kana jiran in buɗe maka wata ƙofar baya. Babu ita. Amma in duk abin da ka yi shi ne cewa a'a, to ka ɓata da surukinka a banza, don filin zai tafi, ko a hannunka ko a hannun wanda zai gaje ka. Fili ba ya tsira da ƙin mutum ɗaya. Abin da ke tsare shi takarda ce, da ruwa, da mutanen da in aka taɓa shi za su ji an taɓa su. Waɗannan ukun su ne aikinka, kuma su ne za su sauƙaƙa maka maganar Alhaji, wato surukin naka.

Bari in fara da kalmar nan ta "wucin gadi", don na ga yadda take cin fili da idona. A unguwar da na zauna ina matashin ma'aikaci akwai wani fili da muke ƙwallo da la'asar. Wani mai shayi ya nemi a bar shi ya ajiye tebur a kusurwar gabas, aka bar shi, mu ma mun ji daɗi. Shekara ta zagayo tebur ya samu rumfar kwano. Sai ga kwantena a gefensa, an ce ta mai sayar da lemo ce, za a ɗauke ta duk ranar da aka buƙaci wurin. Da damina ta zo ruwa ya shiga ƙarƙashinta, aka ce bari a ɗan yi mata dakali. Dakali ya zama layin bulo uku, "don kada awaki su shiga". Wata safiya muka tashi muka ga an kai linta. Babu ranar da wani ya tsaya ya ce yau na sayar da filin nan. Kowa ɗan abu kaɗan ya sa wa hannu, kuma kowace takarda an rubuta wucin gadi a samanta. Yau in ka bi ta wurin, ragar da muke zura ƙwallo tana daidai inda wani ke sayar da tayoyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, takardar da ake nema a hannunka ita ce tsagar.

Sannan ka san cewa abin da yake roƙonka ba naka ba ne balle ka bayar. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, amana ga jama'a, shi ke ba da izinin mallaka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 kuma ya lissafa lambuna da wuraren shaƙatawa da buɗaɗɗun filaye cikin abubuwan da ƙananan hukumomi ke kula da su. Kai mai gadi ne da biro a aljihu. Wannan ba ƙasƙanci ba ne, garkuwa ce. Ranar da aka kafa kwamitin bincike, Alhaji zai ce shi dai ya nema aka ba shi, kuma gaskiyarsa. Sa hannunka za a gani a ƙasan takarda. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Kafin ka je wurinsa, ka nemo takardar filin. Na san yadda garin nan yake: birni ɗaya ne a ido, amma ya bazu cikin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu, ya shiga Wamakko, ya taɓa Dange-Shuni da Kware. Fili yakan faɗa tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, kowa na tsammanin na ɗayan ne, har mai wayo ya zo ya raba gardama da tirelar bulo. Ka rubuta wa ma'aikatar filaye ta hannun babban sakatarenka, ka nemi taswirar shimfiɗar unguwar da ke nuna an ware wurin don wasa. Ka nemi a turo safiyo ya auna, ya kafa duwatsun iyaka, ka tsaya a wurin ranar da ake kafawa, mai unguwa na gefenka, yara na kallo. Ba wannan filin kaɗai ba, duk filayen da ke ƙarƙashinka ka yi musu rajista guda: suna, girma, iyaka, abin da ke ciki, wanda ya riga ya ci gefe. Kwafi ɗaya a ofishinka, ɗaya a sama, ɗaya wurin hakimi. Fayil ɗaya tilo yana da ƙafa, ka sha jin an ce ya ɓata.

Da ka yi haka, a'arka ta daina zama taka kai kaɗai. Ta zama maganar ofis, wadda aka yi wa kowa.

Yanzu ga inda Alhaji ya fi ka gaskiya. Ya ce wurin juji ne, kai ma ka amsa. Muddin juji ne, hujjarsa tana nan, kuma mutanen unguwa da yawa za su goya masa baya, don uwar da ɗanta ke wucewa ta gaban masu shaye-shaye kullum ta fi son shaguna da fitila a kan duhu da ƙwallo. Kada ka raina wannan. Amsarka ba a baki take ba, a filin take. A Alƙahira akwai lambun Azhar da aka buɗe a 2005. Wurin tudun shara ne da ɓaraguzai da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa a gefen tsohon birni, Gidauniyar Aga Khan ta kwashe ta mai da shi lambun da iyalai ke tururuwa. Ba na ce kana da kuɗinsu ba. Abin da nake so ka ɗauka shi ne, zama juji ba hukuncin kisa ba ne ga fili. Naka jujin, kwana biyu da tifa ɗaya da samarin unguwa sun ishe shi.

Samarin nan su ne rundunarka, ba ka sani ba. Kowane fili irin wannan yana da kulob biyu ko uku da ke rabon lokaci a kai, suna da kyaftin, suna da koci, suna da ɗan asusun da suke tara kuɗin ƙwallo da riga. Ka kira su, ba ofis ba, ka je filin da la'asar ka zauna a benci. Za ka ji wani ya ce maka, "Yallaɓai, wanga hili nan munka tashi, nan yayyenmu sunka yi wasa." Wanda ya faɗi haka ba ya buƙatar albashi kafin ya tsare wurin. Ka ba su fenti da ƙarfen raga, ka rubuta jadawalin wasa a allo, ka sa sunan kowane kulob a rajistarka. Ka haɗa su da mai unguwa da liman da dattawa biyu da mata biyu daga cikin masu Islamiyya, su zama kwamitin fili. Masu shaye-shaye ba sa son ido. Fitilar sola huɗu da gasar ƙwallo bayan tarawihi za su kore su fiye da sintiri, don sintiri na zuwa ya tafi, jama'a kuwa suna nan. Wasu daga cikinsu ma ƙannen 'yan ƙwallon ne, in an ba su aikin share fili da ɗan abin sabulu za ka sha mamaki.

Kuma kada ka tsaya ga ƙwallo. Mu nan ƙasar kokawa ce da dambe da langa da dara. Maƙwabtanmu na Nijar, da ke nan bayan Illela, sun mai da kokawa gasar ƙasa tun 1975 da suka fara a Tawa, har yau in ana neman Takobi, kyautar zakaran gasar, gari kan tsaya cik a saurari rediyo. Da'irar yashi ba ta cin kuɗin da filin ciyawa ke ci. Tsofaffi kuma inuwa kawai suke so da ƙasa mai laushi da za su haƙa gurbin dara. Wasa ba ƙaramin abu ba ne a garin da babban dandalinsa ke ɗauke da sunan Shehu Kangiwa, gwamnan da ya rasu a 1981 a filin folo a Kaduna, babban filin ƙwallonsa kuma ke tuna wa mutane yaƙin Giginya na 1903. Duk ranar da wani ya ce maka an tura ka ofishin share ganye, ka tuna masa.

To, sai ruwa. Nan zan daɗe, don nan ne kujera irin taka ke mutuwa ko ta rayu.

Ka ce itatuwan bara sun bushe. Ba ƙaddara ba ce, lissafi ne ba a yi ba. Ruwan samanmu daga Yuni ne zuwa Satumba, ragowar wata takwas kusan babu ruwa, kuma daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Mu ɗauka ka dasa itace 1,000. A ce kowanne na son lita 20 sau biyu a mako kafin saiwarsa ta kama. Lita 40,000 ke nan duk mako, wato tanka mai lita 10,000 sawu huɗu. Ka ninka da makonnin rani, kusan 34, ka ga sawu ya haura 130. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kai ma ka san abin da sawu ɗaya ke ci. Wa ya sa wannan a kasafi ranar da ake bikin dashe? Babu. An sayi dashe, an yi hayar rumfa da kujeru, manya sun duƙa an ɗauki hoto, aka watse, aka bar wa awaki da rana sauran aikin. Jan akuyar nan tamu da duniya ta san fatarta ba ta san darakta ba.

Saboda haka bana kada ka yi bikin dashe. In an matsa maka daga sama, ka dasa ɗari, ba dubu ba, kuma ka rubuta a fayil cewa adadin da ruwanka zai iya ɗauka ke nan. Kuɗin farko da ya shigo hannunka ka kai shi ga burtsatsen nan, ka mai da ita mai aiki da hasken rana, ka ɗora tanki, ka kewaye faifan solar da ƙarfe don ɓarayi. Rana ce abu ɗaya da Sakkwato ba ta taɓa rasawa. Ka yi dashe idan damina ta zauna sosai, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ba a Satumba da ruwa ke sallama ba. Rami mai faɗi, taki ruɓaɓɓe, ɗan gurbi kamar rabin wata a gindi don ya tare ruwa, ciyawa busasshiya a rufe ƙasa, keji na ƙaya ko na bulo mai ƙofofin iska. Akwai tsohuwar dabara ta binne tulu marar fenti a gindin dashe, a cika shi a rufe baki, ruwa na tsattsafowa a hankali zuwa saiwa. Magina na nan, tulu ba ya tsada.

Wane itace? Ka dubi sunayen garin su ba ka amsa: Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Gawon Nama, Rijiyar Ɗorawa, Giginya. Kakanninmu ba su kira wuri da sunan itacen da ke mutuwa a bazara ba. Dogon yaro baƙo ne, asalinsa Indiya, zamanin Turawa ya shigo, amma ya zama ɗan gida, shi ya rufa wa titunanmu asiri, yana saurin girma kuma ba ya zubar da ganye duka a lokacin da aka fi son inuwa. Tsamiya tana da nawar girma, sai dai inuwarta ta jikoki ce. Gawo kuwa nasa halin daban: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, daidai lokacin da kowa ke neman mafaka. Ƙaya gare shi, don haka gefen iyaka ya dace da shi, ba kusa da lilo ba, haka bagaruwa da aduwa. Abin da zan hana ka shi ne shimfiɗa ciyawar nan ta kallo da furannin da ɗan kwangila zai nuna maka hotonsu a waya. Sun yi kyau a Abuja da Jos. A nan shanyar kuɗi ce. Mutumin Sakkwato da ya fito da iyalinsa ba kore yake nema a ƙasa ba, a sama yake nemansa.

Kafin ma ka sayi dashe ko ɗaya, ka zaga lambunan ka duba kututturan da ke tohowa da kansu. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka raya gonakinsu da abin da suke kira sassabin zamani: maimakon a sare tohon, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse saura. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ta riga ta kai ga laima, ba ta neman tankarka. Wataƙila itatuwan da ka fi buƙata leburorinka ne ke sassabe su duk wata da sunan tsabta.

Wannan ya kawo mu ga ma'aikatan da suka girme ka. Ba ni da dogon bayani a nan. Cikinsu akwai tsoho ɗaya, kowane lambu yana da irinsa, wanda ya san inda tsohon bututu ya bi, da kusurwar da ruwa ke kwanciya a Agusta, da daraktan da ya sayar da injin. Ka same shi da sassafe, ka gaishe shi Baba, ka bi shi ya zaga da kai, ka rufe bakinka. Bayan nan ka raba lambun gida-gida, kowane yanki da sunan mutum ɗaya. Babban lambun birnin New York na Amurka, Central Park, ya taɓa lalacewa a shekarun 1970. Cikin dabarun da aka farfaɗo da shi akwai raba shi yanki 49, kowane yanki da mai kula da shi da aka sani. Mu ma mun san wannan tun kafin su, kowa ya san bambancin gandu da gayauna. Itacen kowa da kowa shi ke bushewa. In an ce waɗannan ashirin ɗin na Malam wane ne, ana ƙirga su duk ƙarshen wata a gaban kowa, kunya kaɗai za ta ba su ruwa. Wanda nasa suka fi rayuwa ka yaba masa a rubuce, ka sa a fayil ɗinsa. Masu zuwa ranar albashi kawai, ka yi musu magana a keɓe sau ɗaya da girmamawa, na biyu takarda. Ba ka buƙatar ɗaga murya ga sa'an mahaifinka, rajistar zuwa aiki za ta yi maka faɗan.

Lilon nan da ya karye, gobe ka sa a kwance shi ko a ɗaure shi da sarƙa. Kada ka jira kuɗin gyara. Yaro ba ya karanta allon gargaɗi. Ka duba kusoshi da walda duk mako, ka zuba yashi mai kauri a ƙarƙashi, ka rufe duk wani rami ko tsohuwar rijiya. Kuma ka taɓa ƙarfen sulun yara da tafin hannunka da azahar a watan Afrilu, sau ɗaya ya isa, za ka gane dalilin da ya sa kayan wasa a garin nan dole su kasance ƙarƙashin inuwa. Kafin Sallah musamman, don a kwana ukun nan lambu ke ganin yaran da bai gani ba duk shekara.

Akwai abin da ba ka ambata ba, ni zan ambata: mata. Yawancin filayenmu na samari ne, lambunan kuma na wanda ya iya shiga ba tare da an yi da shi ba. Uwa mai 'ya'ya huɗu a ɗaki biyu a Mabera ko Tudun Wada ta fi kowa buƙatar wurin da yara za su yi gudu, amma ba za ta zo inda babu ban ɗaki mai ƙofa da ruwa, babu wurin alwala da salla, babu mace ko ɗaya cikin masu gadi ba. Ka ware yini ko yammaci na mata da yara zalla, ka sanar ta makarantun Islamiyya. Garin Nana Asma'u ne, wadda ta tara mata ta hanyar 'Yan Taru tun ƙarni na 19, taruwar mata cikin mutunci ba baƙon abu ba ne a nan. Kuma ka yarda da ni, filin da iyaye mata suka saba zama a cikinsa, ba a haifi ɗan kasuwar da zai kai masa bulo ba.

Kuɗin ƙofa da na hayar wurin biki, kada ka taɓa su da hannunka. Rasit mai lamba, a zuba a asusun gwamnati, ka riƙa liƙa abin da ya shigo a allon ofis. Wanda zai ce wa surukinsa a'a dole aljihunsa ya zama wanda za a iya zazzagewa a kasuwa, don ranar da ka hana, ranar za a fara bincikenka.

Yanzu mu koma gida.

Kada ka yi wa Alhaji abin da ma'aikata suka saba, wato "ana duba fayil", "oga ya yi tafiya", "bari a gama kasafi". Ya girme ka a wannan wasan, zai gane, kuma jan rai ya fi ƙi ciwo. Ba kuma ta waya ba. Ka fara da matarka, tun kafin kowa. Shirunta ba goyon bayan baffanta ba ne, tsoro ne, tana tsakanin gidan da ta fito da gidan da take. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da ka yanke da dalili, ka ce mata ba ka neman ta kai saƙo, ba ka kuma neman ta zaɓi gefe, kai za ka je da ƙafarka. Mahaifiyarka kuma kunya take gudu, to ka nuna mata kunyar da ta fi girma: a kira sunan ɗanta a rediyo cikin waɗanda suka sayar da filin yara. Ka roƙi addu'arta. Uwa in ta ji ɗanta na gudun haram, da wuya ta tura shi.

Sannan ka ɗauki babban mutum ɗaya da Alhaji ke jin nauyinsa, cikin danginka ko limamin da yake salla bayansa, ku je gidansa bayan isha'i. Ka durƙusa ka gaishe shi yadda ka saba. Ka fara da godiya, ta gaske, don ya yi maka alheri kuma ba laifi ba ne a faɗa. Sai ka ce masa, da naka kalmomin: Baba, kai ka tsaya aka ba ni wurin nan, mutuncinka ne a kaina. Filin nan ba ni da ikon bayar da shi, an auna shi an shigar da shi rajista tare da sauran. In na sa hannu, ni za a kama, kai za a ambata, 'yarka ce za ta shiga tsakani. Ban iya jawo maka wannan ba.

Kada ka tashi a nan, don ka zo da abin da za ka ba shi. Ɗan kasuwa ne, kuma dattijo ne da ya fara tunanin abin da zai bari. In kasuwanci yake so, gaya masa cewa idan hukuma ta amince a yi rumfunan sayar da ruwa da lemo a babban lambu, za a tallata a fili kowa ya nema, amma ka faɗa masa tun yanzu cewa kai za ka janye daga zaman tantancewa saboda surukuta, kuma ka rubuta hakan. In kuwa suna yake so, ga burtsatse ta mutu. Ya gyara ta, a sa famfo biyu a waje don unguwa ta ɗiba, ya zama sadaka mai gudana ga iyayensa. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci ba, face an rubuta masa sadaka. Liman ya fi ka iya faɗar wannan, shi ya sa na ce ka tafi da shi. Sharaɗi ɗaya: kyautar ta shiga a rubuce, ba ta sayi ko taku ɗaya na filin ba. In ba haka ba ka ci ladan kuturu, aski ya zama dole.

Zai iya karɓa, zai iya yin fushi. Ba zan yi maka daɗin baki ba: mai bakin da ya sa aka ba ka kujera yana iya samun bakin da zai sa a ɗauke ka. Kana iya wayar gari ka ga takardar canjin wurin aiki. Wannan ba kora ba ce, albashinka da matakinka na nan, kuma na ga mutane da yawa da aka jefa ofishin da babu ko fanka suka dawo da girmansu. Abin da ban taɓa gani ba shi ne wanda ya sa hannu sau ɗaya aka ƙyale shi. Bayan Alhaji akwai abokinsa, akwai ɗan majalisa, akwai wanda zai ce ai ka yi wa surukinka. Fushin baffa kuwa yakan huce. Ka ci gaba da zuwa gaisuwar Juma'a ko ya ɗaure fuska, ka kai yara yawon Sallah, in ana suna ko biki a gidansa ka riga kowa zuwa, ka fi kowa ɗaukar kujera. Kada matarka ta rasa ko ɗaya daga cikin hidimomin gidansu saboda wannan magana.

Tsarin da zan so ka bi shi ne wannan, don jeri yana da muhimmanci. Wasiƙar neman safiyo ta fita ranar Litinin, kafin ka taka gidan Alhaji, don abin da za ka faɗa masa ya zama gaskiya ba barazana ba. Ranar Asabar ɗin da ke biye a kwashe jujin, ka zo da tsohuwar riga da shebur ɗinka, kada ka tsaya a mota. Ka sayi ruwan leda da ƙanƙara daga aljihunka, samarin za su yi ƙishi tun kafin hantsi.